Wutsiyar Danda da Orkes ɗin Kumandan

Ajiye shi a hankali, Laminu. A'a, ba ta fuskar fata ba, kai! Guzan da ya ba da fatar nan ya girme ka. Na ji abin da kuke faɗi tun kuna bakin zaure, kunnena bai mutu ba tukuna. Wai tsarkiya guda ce tal, mi zai yi wuya, ku da kuka iya fiyano mai batir cikin sati. To, ku samu wuri ku zauna. Tunda aron goge ya kawo ku don ku ɗauki hoto da shi a salula, sai kun biya ni da kunnuwanku.

Aikin farko da ubangidana Baba Nomau ya ba ni shi ne jan izga, wannan ɗan bakan da ake goga wa tsarkiya. Daga wajen Isawane aka kawo ni gidanshi a Kona, don tsohona ya gaji da ni: a ba ni awaki in tafi kiwo, in dawo da waƙa a baki, awaki kuwa suna gonar mutane. Baba Nomau ya miƙo mani wani tsohon goge mai tsagaggiyar ƙwarya ya ce, "Ja. Kada ka kuskura ka ɗora yatsa." Na ja. Matarshi Inna Hajo, wadda ita ke kaɗa mashi ƙwarya wurin wasa, ta fito daga madafa da muciya a hannu, ta ce in ba so ake kajinta su daina ƙwai ba, a kai yaron nan bayan gari. A gindin wani gawo na ƙare rani guda, ina ja ina turawa, ni da karen gidan da ke bi na musamman don ya yi mani haushi. Sai ranar da na ja karen bai ko ɗaga kai ba, sannan Baba ya ce, "Yau ka fara. Ɗora yatsa guda."

Kafin ka kaɗa goge sai ka iya haɗa shi. Ƙwarya ba kowace ba, sai wadda ta ƙosa ta bushe a gona. Fatar guza a jiƙa ta, a ja ta, a kafe ta, sai ka ƙwanƙwasa ta amsa maka. Ga jaki, ɗan iccen nan da tsarkiya ke hawa kanshi. Ya gusa da kaurin farce, muryar gogen ta zama ta wani. Ga ƙaro da ake goga wa izga, in babu shi sai ka yi ta ja ba abin da ke fita. Sannan tsarkiyar da kuka ce guda ce. Matso ka duba da kyau. Gashin wutsiyar doki ne, sili-sili, an tara, an taje, an ɗaure. Kuma ba na goɗiya ba, fitsarinta na ɓata shi, sai na ingarma. Kowane mai goge yana ɗaure tashi daidai da maƙogwaronshi, mai babbar murya ya sassauta, mai siririya ya ɗame. Shi ya sa a zamaninmu ba ka ganin masu goge biyu a tabarma ɗaya, sai in gasa suke yi, ko yaro da ubangidanshi.

Bayan hannu sai kai. Manomi da takenshi, mahauci da nashi, maharbi da nashi. Masu bori kuwa kowane iska da nashi taken, kuma ba su son a yi masu kuskure. Su ne manyan masu ba mu aiki, ba zan ɓoye maku ba. Malamai su yi mana wa'azi ranar Juma'a, ranar Asabar a aiko mana da goro ta bayan danga daga gidajen da ba zan faɗi ba. Allah ya yafe mana baki ɗaya.

Akwai wani wasa a wani ƙauye gabas da Mayahi, nan na koyi babbar dokar sana'ar. Wata mata tana tsaye gabanmu tana rawar jiki, cinnaka ya shiga wandona, na saki izga. Baba bai fasa kiɗa ba, ƙafa kawai ya miƙo ya harbe ni sai da na ga taurari da rana. A hanyar gida ya ce, "Isuhu, in mutum ya shigo fili ya tsaya gaban goge, kiɗan ba naka ba ne, nashi ne. Ko hannunka zai guntule ba ka yankewa, sai ya zauna ko ya yi atishawa." Atishawa ita ce alamar iska ya sauka ya bar mutum. Baba ya ce yana yaro ya ga wata mata da mai goge ya yanke wa kiɗa tana tsaye, wuyanta ya karkace, har ta mutu tana kallon kafaɗarta. Ni ban gan ta ba. Amma duk mai gogen da na sani, daga Tasawa har Mairairai, ya ce ubangidanshi ya gan ta da idonshi.

Baba yana da doki, Danda, ingarma mai farar ƙafa. Ba ya hawanshi sai da lalura, aikin Danda wutsiya ne. In tsarkiya ta tsufa, Baba zai je da ɗan kanwa a tafin hannu, ya gaishe shi kamar yadda ake gaida maƙwabci, ya nemi gafara, sannan ya tsinko kaɗan daga ƙarƙashi inda ba a gani. Almakashi bai taɓa zuwa kusa da wutsiyar nan ba. Inna Hajo takan ce, "Ni da na haifa mashi ɗiya, bai taɓa tambayata ina gajiya ba yadda yake tambayar dabbar nan."

Sai ga shekarar fari ta zamanin soja. Lokacin ni magidanci ne, da mata da ɗiya, amma har yanzu a bayan Baba nake zama wurin wasa. Gero ya fito, ya kai gwiwa, ya ƙone a tsaye. Ba biki, ba suna mai kiɗa, iskoki ma suka yi shiru tunda ba mai akuyar yanka masu. Makiyaya suka gangara kudu. Dawakin ƙasar, wanda bai mutu ba an kora shi kudu neman ciyawa, har na gidajen sarauta. Danda ya cinye dangar gidan, ya cinye rufin rumbu, wata rana ya cinye rabin tabarmar sallar Baba, Baba ya ce a ƙyale shi, shi ma bawan Allah ne. Kana iya ƙirga haƙarƙarinshi daga bakin rijiya. Akwai wani dillali da ke saye wa masu kai dawaki can kudu a yanka. Kowace kasuwa sai ya zo ya tsaya inda danga take a da, ya ce, "Baba, har yanzu yana tsaye?" Inna Hajo ta ce a sayar tun bai faɗi a banza ba. Baba kullum ya ce a bari sai kasuwa mai zuwa.

Ana cikin haka sai ga kamyon, babbar motar soja, a Kona, wani gardi ya diro ya ce Kumandan, mai mulkin yankinmu, na kiran duk mai goge zuwa Tasawa. Muka ce shi ke nan, an fara kama makaɗa. Baba ya ce ba ya hawa mota ya bar Danda ba mai ba shi ruwa. A ƙasa muka tafi da dokin, ni ina ja a gaba, Baba na turawa a baya, Inna Hajo na biye da ƙwaryarta a ka tana yi mana faɗa.

Kumandan saurayin soja ne, mai tsabta, ba mugu ba, sai dai ya je Yamai ya kalli tele, wato talabijin. Ya ce ya ga orkes, wato Annasara cike da ɗaki, kowa da gogenshi, hannuwansu na tafiya sama da ƙasa tare kamar sojoji na taka ƙasa. Ya ce wani Kolonel, babban hafsan soja, na tafe da baƙin Annasara masu kawo abincin taimako. "Kowa ya zo, yunwa ake nuna mashi," in ji shi. "Ni ina so su ga muna da orkes." Ya aika wa takwaranshi na Mayahi ya aro mashi masu gogensu, aka tara mu kusan ashirin a farfajiyar lekol, makarantar boko. Ku dubi wannan taro: mutanen da ba su taɓa zama tabarma ɗaya ba, wasu ma ba su ga maciji. Wani ya ɗaura wa gogenshi zaren buhu, wani wayar burkin keke. Wani Agali daga wajen Mairairai ya riga ya sayar da nashi, izga kawai ya zo da ita, don ya ji ance ana ba da dawa safe da yamma.

Wanda aka ba mu ya koya mana shi ne Mushe Rabe, malamin lekol. Ya yi karatun kiɗa a waje, yana da biyolan, goge mai tsarkiya huɗu da ake matsewa da haɓa kamar mai ciwon haƙori. Mutumin kirki ne, kuma ya san aikinshi, kada wanda ya ce maku na raina shi. Ya ce inda ya yi karatu ba a koya wa yaro kiɗan kanshi kaɗai, tun da wuri ake yanko mashi guntaye daga manyan kiɗe-kiɗen orkes ya yi ta maimaitawa, don hannunshi ya yi ƙwari, ya san inda ake shiga, ya san inda ake shiru, ya saurari na kusa da shi.

Baba ya ce, "Mushe, in kowa abu guda zai kaɗa, mi ya hana a bar mutum guda ya kaɗa, sauran su tafi gona?"

Mushe ya ce, "Akwai gonar, Baba?"

Baba ya gyara zama.

Ya kunna mana kaset na kiɗan nasu. Ya yi tsawo, ya hau ya sauka, har wasu suka fara gyangyaɗi. Da ya ƙare Agali ya ce, "Taken wa ne?" Mushe ya ce ba na kowa ba ne. Agali ya ce, "To wa ke tasowa?" Mushe ya ce ba mai tasowa, zama ake yi a saurara. Agali ya ce, "Allah sarki, ashe zaman makoki ne." Muka gwada wani guntu daga ciki, jakunan unguwar suka amsa mana. Daga ƙarshe Mushe ya haƙura, aka tsaya a kan kiɗan gayya, wanda ake yi wa manoma, don shi ne kowa ya iya kuma ba ya kiran kowane iska. Kiɗan noma, a shekarar da ba wanda ya ga zangarniya.

Amma ba a yin orkes da wayar keke. Mushe ya faɗa wa Kumandan sai an samu tsarkiya iri ɗaya ga kowa. Kumandan ya ce da mi ake yin ta, aka faɗa mashi. Sai duk idanu suka juya gindin dogon yaro, inda Danda ke ɗaure yana gwaguyar ɓawon itacen. A duk ƙasar ba wani ingarman da ya rage da wutsiya.

Kumandan ya ce, "Tsoho, sayar mani da wutsiyar."

Baba ya ce, "Ranka shi daɗe, ba ta sayarwa ba ce. Mai ita yunwa yake ji."

Kumandan ya zagaya dokin hannuwa a baya. Ya ce a magaza, ɗakin ajiyar gwamnati, akwai dusa da gurya da aka aiko don shanu, shanun kuwa sun tafi. "In Kolonel ya tafa hannu, dokinka ɗan orkes ne, zai ci daga magaza har ruwa ya sauka. In ya ɓata fuska, ni da ku da dokin duk mun shiga uku, kowa ya yi ta kanshi."

Baba ya aro almakashi wurin tela. Ya je ya gaida Danda yadda ya saba, ya buɗe tafin hannu ba kanwa ba kome, dokin ya lashe shi haka nan. Sannan ya zagaya baya ya yanke wutsiyar kakaf, ya bar ɗan dungu kamar na akuya. Na daɗe tare da mutumin nan, ranar na fara ganin hawayenshi, kuma ni ma raina ya ɓaci ƙwarai. Aka raba gashin, aka nemo wa Agali ƙwarya, aka ɗaure wa kowa tsarkiya daidai da muryar biyolan ɗin Mushe. Wanda maƙogwaronshi bai dace ba aka ce ya rufe baki, wato dukanmu.

Gwajin farko ba zan manta shi ba. Mushe ya shigo fili ya tsaya gabanmu da ɗan tsinke a hannu. Ya ɗaga, muka fara. Sai ya lumshe ido, ya shiga kaɗa kai, kafaɗu na rawa, tsinke na yawo. Muka dubi juna. Agali ya ce ƙasa-ƙasa, "Ya hau." Inna Hajo ta ce, "Wane iska ne wannan? Ban san shi ba, sai dai in na ƴan lekol ne." Can Mushe ya sari iska da tsinken, wai mu tsaya. Mu kuwa muka ga abin ya kama shi sosai, muka ƙara wuta. Ya shiga ihu da Faransanci, muka ce ai akwai iskokin da ke jin Faransanci, muka ƙara. Sai da ya gaji ya faɗa kan benci, muka yanke ɗif.

Ya ce, "Don Allah mi ya hana ku tsayawa?"

Baba ya ce, "Kana tsaye, Mushe."

Da aka yi mashi bayani ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya yi iya ƙoƙarinshi ya raba mu da dokar, ta ƙi rabuwa. Bakinmu ya ce to, hannuwanmu su ƙi. Sai aka ajiye mashi kujera a bayanshi, in kiɗa ya kai ƙarshe ya zauna. Shi kuma ya samu abin da yake so daga gare mu: izga ta tafi tare, sama tare, ƙasa tare. Kullum yana cewa, "Ko tsarkiyarka ta tsinke, kada izgarka ta tsaya, baƙi da ido suke fara saurare." Kuma gaskiya ɗaya ce, ranar da abin ya fara haɗuwa, goge kusan ashirin da murya guda, tsikar jikina ta tashi. Ban taɓa jin kiɗan gayya da nauyi haka ba.

Ranar zuwan baƙi aka ba mu riguna iri ɗaya, an ɗinka su da buhunan taimako, kowa da rubutun Annasara a gadon bayanshi. Bazara ce, rana ta take. Aka jera ƴan lekol, aka jera samariya, ƙungiyar samarin gari, manya na cikin rumfa. Danda na ɗaure a bayan katanga, kuma da na waiga na ga dillalin nan a tsugune kusa da shi. Har Tasawa ya biyo mu.

Mushe ya ɗaga tsinke, izgoginmu suka tashi sama lokaci guda, muka faɗa kiɗa. Kolonel babban mutum ne mai gashin baki. Da ya ga yadda hannuwa suka tashi tare, ga riguna iri ɗaya, sai ya ɗauka taken girmamawa ne ake yi mashi. Ya miƙe, ya fito daga rumfa, ya tako har tsakiyar fili, ya tsaya gabanmu, ya buga dugadugai ya ƙame, hannu a goshi. Kumandan ya ƙame. Sojoji suka ƙame. Annasara suka tashi, kowa ya tashi. To su a tasu dokar, soja ba ya sauke hannu sai take ya ƙare.

Kiɗa ya kai ƙarshe, Mushe ya zauna kan kujerarshi. Cikinmu ba wanda ya yanke kiɗa. Muka koma farko.

Mushe ya ce da ƙaramar murya, "Baba, na zauna!"

Baba ya ce, "Akwai mutum a tsaye."

"Baba, Kolonel ne!"

"Shi ma wuya gare shi."

Mushe ya tashi ya sake zama. Ya tashi ya zauna da ƙarfi, ƙafar kujera ta karye, ya zauna ƙasa. Ya ƙirƙiro atishawa, Baba ya ce, "Ba taka ake jira ba." Kumandan ba shi da ikon buɗe baki tunda babbanshi na ƙame, idanunshi kawai ke zagin Mushe ta ƙarƙashin hannu. Kolonel na jiran mu gama, mu muna jiran ya zauna. Inuwar rumfa ta gusa ta bar manya a rana. Ladan ya kira azahar, ba wanda ya motsa. Wata Ba'annasara ta yi ja kamar tumatir. Mun nome gonar nan ta gayya mun sake nome ta, har ban san sau nawa ba.

Gashin dokin da ya sha yunwa ba ya da ƙarfi. Sili ya fara tsinkewa, tsit, tsit. Ta Agali ta fara tafiya gaba ɗaya, amma bai tsaya ba, ya ci gaba da goga iska yadda Mushe ya koya mana. Sai ta na kusa da shi, sai ta na bayanshi. Sauti na raguwa, hannuwa na nan sama tare, ƙasa tare. Har ya rage daga ni sai Baba ke fitar da murya, sauran na yankan iska da fuska a ɗaure. Hannuna ya zama ba nawa ba. Na ce, "Baba, tawa ta kusa." Ya ce, "Ja." Ni kuwa abin da nake gani shi ne ƙarshen: tsarkiyar Baba ta tsinke, fili ya yi tsit, Kolonel ya ga ƙarti ashirin na yi mashi wasan yara da sanduna. Daga nan sai dillali ya kwance igiyar Danda.

Sai na ji ƙwaryar Inna Hajo ta yi shiru. Ita dokar ba ta hau kanta ba, ba goge take riƙe da shi ba. Ta ɗauki faifan da ta rufe furarta da shi, ta kwance bakin zane inda take ƙulle garin tabarta, ta barbaɗa, ta ƙara da ɗan yajin da take sa wa dawar da ake ba mu. Ta taka har gaban Kolonel ta rusuna ta ce, "Sannu da rana, ɗana." Ta shiga yi mashi fifita. Wane soja zai hana tsohuwa yi wa babbanshi fifita?

Wallahi mutumin nan soja ne na gaske, ina girmama shi har gobe. Ya yi yaƙi da abin. Hanci na rawa, gashin baki na rawa, hawaye na gangarowa, hannu na nan a goshi. Inna Hajo ta ce, "Kai, zafin nan ya yi yawa," ta ƙara hannu. Sai ya saki atishawa. Atishawar da har ƴan kasuwa suka ce sun ji.

Izgogi suka tsaya cak, masu sauti da marasa sauti, kamar an sare su da wuƙa guda. Duk gwajin da muka yi, ba mu taɓa tsayawa tare haka ba.

Annasara suka ɓarke da tafi. Kolonel ya sa hannun hagu ya sauko da na dama, don ya sandare, ya murza shi, sannan ya tafa. Ya tafa! Na dubi Baba, shi ba Kolonel yake kallo ba, katanga yake kallo. Mushe ya fassara mana abin da wani tsohon Ba'annasare ke faɗi, wai bai taɓa jin kiɗan da muryoyi ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya har su rage biyu ba, wai wannan shi ne kiɗan fari da kanshi. Yana faɗi yana share ido, ko kiɗan ne ko tabar Inna Hajo, Allah masani. Wata ta ɗaga murya ta ce, "Bis!" wato a sake. Mushe ya kwanta ƙasa. Allah ya taimake mu Kolonel ya ce ya isa, duk yawon da ya yi ba garin da ya taɓa girmama shi da tsawo haka.

Da taro ya watse, Baba ya shiga fili a duƙe yana tsintar tsinkakken gashi daga cikin rairayi. Ya bi masu goge ɗaya-ɗaya ya karɓi abin da ya rage a jikin gogensu. Na ce, "Baba, wannan ai ya gajarce, ba zai ɗauru ba." Ya ce, "Kawo naka ma."

Kumandan ya cika alkawari. Da la'asar gardi biyu suka kawo buhun dusa, dillali ya kakkaɓe rigarshi ya kama hanya ba sallama. Orkes ya watse, kowa ya koma ya ɗaure tsarkiya daidai maƙogwaronshi ranar da ya samu gashi, kuma ba a sake tara mu ba. Mushe Rabe ya riƙa zuwa Kona gaishe mu, sai dai duk ranar da ya shigo ya ga goge a hannun wani, tun daga ƙofa yake zama. Danda ya ci, ya murmure, ya kai damina a tsaye.

To amma damina da ƙudaje take zuwa, irin masu cizon nan da ke fasa fatar dabba. Danda zai kaɗa ɗan dungun nan da iyakar ƙarfinshi, ba abin da ke tashi. Cinyoyinshi suka fara jini. Sai Baba ya ɗauko gashin da ya tsinto a Tasawa, ya taje shi, ya ɗaure a bakin wata tsohuwar izga, ya ja turmi ya zauna a bayan dokin. Tun hantsi har faɗuwar rana, dama, hagu, dama, hagu. Ya sha duk abin da mai zama bayan doki ke sha, bai taɓa matsawa ba. Inna Hajo ta riƙa kai mashi tuwo can tana cewa ita dai ta ga aure.

Gero ya yi a shekarar, biki ya dawo, masu bori suka tuna da mu. Wata safiya wani babban manomi daga Mayahi ya aiko ɗan'uwanshi da goro, yana son Baba Nomau da kanshi ya zo kiɗa, ba wani ba. Ɗan aiken ya tarar da shi a kan turmi. Baba ya ce in shiga ɗaki in ɗauko gogenshi, wanda ni na ɗaura wa sabuwar tsarkiya da gashin wani dokin fatake. Na kawo, bai karɓa ba. Ya ce, "Riƙe. Ku tafi da Isuhu, ni ina da aiki." Shi ne wannan da ka kama ta fuskar fata, Laminu, kuma daga ranar ban sake zama a bayan kowa ba.

Ɗan aiken ya dubi dokin, ya dubi tsohon, ya ce, "Haba Baba, duk ƙasar nan ba hannu irin naka. Wane aiki ne wannan?"

Baba bai ko waigo ba, ya kore wani ƙuda daga cinyar Danda. Ya ce, "Tun yana dukushi wutsiyarshi ke ciyar da gidan nan. Bana ni ne wutsiyar."